Wa ke ba yaron nan abinci? Labarina da katun ɗin Japan

Ni ɗan 1991 ne, haifaffen Kano, malamin firamare, ina da mata da yara biyu, kuma har gobe ina kallon katun. Na faɗa tun da wuri ne don wanda zai yi dariya ya yi abarsa ya gama sai mu ci gaba. Labarin da nake so in bayar shi ne yadda katun ɗin Japan, wanda yaran yanzu ke ce wa anime, ya biyo ni tun ina ƙarami, muka rabu shekaru, sannan na dawo masa da gemuna na tarar da abun da ban taɓa lura da shi ba a da.

Farkon wanda na sani Voltron ne a NTA. Lokacin tasha ba ta buɗewa sai ƙarfe huɗu na yamma, daidai lokacin da ake kaɗa mu Islamiyya, toh sai Alhamis da Juma'a da babu makaranta muke samun gani, shi ma in akwai wuta. Zakuna biyar na ƙarfe su haɗe su zama ƙato ɗaya ya zaro takobi ya tsaga dodo biyu, kullum haka ne ba ya canzawa, kuma kullum sai mun yi ihu. Mu duk a zatonmu na Amurka ne tunda Turanci suke yi, ashe na Japan ne, kamfanin Toei ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, Amurkawa suka saya suka yanke wuraren jini da mutuwa suka sa masa sabon suna a 1984. Har ɗaya daga cikin matuƙan zakunan, Sven, da aka ce mana rauni ya ji an tafi da shi jinya, a na asalin mutuwa ya yi tun farko-farko. Wato tun ranar farko ragagge ya iso mana ba mu sani ba.

Mahaifinmu ya rasu ina aji shida, Allah ya jiƙansa da rahama. Da Innarmu ta fita takaba aka zauna aka raba mu, ƙananan suka bi ta gidansu, ni da yayata kuma Baffa ya ɗauke mu, wan mahaifinmu ne, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, gidansa dama cike yake da yara. Wallahi ba a taɓa ware mana kwano ba, ɗinkin sallah tare ake yi mana da 'ya'yansa, amma duk wanda ya yi zaman riƙo ya san akwai abun da ba sai an faɗa maka ba, kai da kanka kake koyon zama kusa da ƙofa, ba ka ɗaukar rimot, in aka ce wa ya fasa kofi gabanka sai ya faɗi ko ba kai ba ne.

Gidan Baffa akwai dish, irin babban nan da ake kafawa a tsakar gida, ya sa shi ne don kallon sallar Harami da labaran Larabawa, amma yaran gida suka laluɓo Spacetoon a ciki, tashar yara da ta fara a 2000. Nan ne rayuwata ta koma bayan la'asar. Katun ɗin Japan ne aka juya su Larabci, yawanci a wani kamfani da ke Dimashƙa a Siriya, Markaz Az-Zuhra, kuma Larabcin littafi suke yi tsantsa ba na kasuwa ba, sai ya zama ɗan abun da muke koya a Islamiyya yana mana amfani, ka tsinci kalma biyu uku ka haɗa da hoto ka gane inda aka dosa, sauran kuma ka ƙirƙira da kanka ka je makaranta ka ba da labari da ƙarfin gwiwa. Waƙoƙin buɗe shirin kuwa ba a magana, da yawansu Tarek Alarabi Tourgane ne ya rubuta, Rasha Rizk ta rera wasu, har yau in na ji ɗaya a waya sai tsigar jikina ta tashi.

Kaftin Majid shi ne sarki a unguwarmu. Sunansa na asali Captain Tsubasa, Yoichi Takahashi ya fara zana shi a 1981 bayan ya kalli gasar kofin duniya ta 1978 da aka yi a Ajantina, lokacin Japan ko gasar ƙwararru ba su da ita, sai a 1993 suka fara J.League, sai a 1998 suka fara zuwa kofin duniya. Manyan 'yan ƙwallo irin su Fernando Torres da Iniesta sun faɗa cewa shi suka taso suna kallo a Sifen, kuma dukkansu biyun a 2018 suka koma Japan da wasa. Mu dai abun da muka sani filin ba ya ƙarewa, yaro zai ɗauki ƙwallo daga tsakiya ya yi ta gudu har shirin ya ƙare bai hango raga ba, sai gobe. Kowa a layinmu so yake ya zama Majid, ni kuwa Bassam nake so, mai naɗe hannun riga ɗin nan mai zafin kai, kuma a lokacin da an tambaye ni dalili cewa zan yi shot ɗinsa ya fi ƙarfi. Sai da na sake kallo da girmana na ga ai shi ne wanda ubansa ya rasu, yana raba jarida yana ƙananan ayyuka don ya taimaki uwarsa da ƙannensa, shi ya sa ba ya dariya, shi ƙwallo ba wasa ba ce a wajensa.

Amma wanda ya fi shiga jikina a lokacin shi ne Ahdul Asdiƙa, wanda a Turance ake ce wa Romeo's Blue Skies. Ba faɗa a ciki irin na su Goku na Dragon Ball, ba tsafi, ba komai, kashi 33 ne kawai, kamfanin Nippon Animation ya yi shi a 1995 daga wani littafin Jamusanci na Lisa Tetzner da ya fito a 1941. Labarin wani yaro ne Romeo daga ƙauyen Sonogno a kudancin Suwizalan, babansa ya ji ciwo a gobara babu kuɗin likita, sai yaron ya sayar da kansa ga wani dillalin yara aka kai shi birnin Milan na Italiya yana sharar bututun hayaƙi. Ƙasar sanyi ce, ana hura wuta a cikin ɗaki hayaƙin ya bi ta bututu ya fita ta saman rufi, bututun kuma matsattse ne babba ba ya shiga, sai a tura yaro ƙarami ya hau ciki yana kankare baƙin da hannu. Kuma ba ƙirƙira ba ce, an yi hakan da gaske a ƙarni na 19, talakawan yankin Ticino suna ba da 'ya'yansu ana tafiya da su, wasu ba sa dawowa. A hanya Romeo ya haɗu da Alfredo, yaro mai karatu mai natsuwa, suka yi alƙawarin abota, a Milan aka raba su kowa da ubangidansa, daga baya suka haɗa ƙungiyar yara masu sharar don su kare junansu. Alfredo ciwo ya kashe shi kafin ƙarshe. Ranar da aka nuna wannan kashin tashi na yi na shiga banɗaki don kada 'ya'yan Baffa su ga idona, yayata ce kawai ta gane, da daddare ta ƙara min nama ɗaya daga nata ba ta ce komai ba.

A ƙarshen labarin Romeo malamin makaranta ya zama. Kada wani ya ce shi ya sa na zama malami, a'a, makina ne bai kai na jami'a ba na tafi kwalejin ilimi. Amma da na sake kallonsa yanzu ban iya raba shi da yaran da ake kwasowa daga ƙauye a kawo birni aikatau ba, dillaliya ta karɓi kuɗin wata yarinyar ko ganinsu ba ta yi. Turawa ma sun yi wannan zamanin, Japanawa suka zana shi, Larabawa suka fassara, mu muka kalla a falon da wata yarinya 'yar aiki take leƙowa ta taga.

Da muka shiga sakandare sai zamanin faifai ya zo, DVD ɗin nan na kasuwa da ake cusa kashi ashirin ko talatin a faifai ɗaya, hoton duk ya dushe, sabtaitul ɗin Turanci ne amma Turancin da ko Bature ba zai gane ba, sunan mutum ɗaya ya canza sau uku kafin faifan ya ƙare. Karo-karo muke yi mu saya, a kalla a ɗakin wani abokinmu da yayansa ke da janareto, kuma dole faifan ya kafe a daidai inda faɗa ya yi zafi, a cire a hura masa iska a goga a riga a mayar. Haka muka kalli Dragon Ball Z da Naruto da Samurai X da Death Note, a guntule, faifai na uku ya ɓata a tsallaka na biyar, wani ya ba ka labarin na huɗu rabi gaskiya rabi ƙarya. Daga baya aka koma turawa ta bulutut a ƙananan wayoyi, sannan masu tura fina-finai a memori suka karɓe kasuwar. Baffa kuwa in ya dawo ya same ni ina kallo sai ya ce, "Ƙato da kai kana kallon 'yar tsana, tashi ka ɗauko littafinka." Pokemon ma haramta shi ya yi a gidan gaba ɗaya tunda ya ji malaman Saudiyya sun hana shi a 2001, duk da shi bai taɓa ganin ko kashi ɗaya ba.

Sai rayuwa ta zo. Karatu, koyarwa, lesin da yamma don albashi ba ya kaiwa, neman aure, haihuwa. Naruto ya ƙare a littafi a 2014, a talabijin a 2017, ni ko labari ban samu ba sai a bakin ɗalibai.

Abun da ya dawo da ni karaya ce. Farkon 2024 na faɗi a kan mashin ƙafata ta karye aka yi ɗori, aka ce in kwanta, ga azumi yana matsowa ga zafi ga zaman banza. Ina kwance a watan Maris sai guruf ɗinmu na 'yan sakandare a WhatsApp ya cika da hoton Goku, wai Akira Toriyama mai Dragon Ball ya mutu, ranar 1 ga wata yana da shekara 68, sai bayan mako guda aka sanar. Mutanen da yanzu wani ɗan sanda ne wani likita wani limami, kowa yana tuna inda muka kalli faɗan Goku da mugun nan Frieza. Na ce wa ɗan yayata ya cika min memori, tun daga farko nake so, ba tsallake.

Dragon Ball Z na fara, kuma gaskiya ɗaya ce, ja ya yi masa yawa. Kashi 291 ne daga 1989 zuwa 1996, mutum biyu su tsaya suna kallon juna suna gurnani rabin shiri, Frieza ya ce saura minti biyar duniyar Namek ta fashe amma minti biyar ɗin nan sai da ya ci kashi wajen goma. Da yarinta ban ga aibun haka ba, yanzu da na san kuɗin data na gani. Dalilin kuwa shi ne labarin daga littafin zane yake zuwa, manga, babi ɗaya duk mako a mujallar Shonen Jump, shi ma shirin talabijin duk mako yake fita, kuma babi ɗaya ba ya cika minti ashirin, toh don kada su kamo marubucin sai su yi ta jan ƙafa ko su ƙirƙiro nasu labarin na ciko, kaman miyar gidan biki in baƙi sun yi yawa a ƙara ruwa. Shi ya sa a 2009 suka fitar da Dragon Ball Z Kai da aka rage cikon, bai kai kashi 170 ba, duk mai son komawa shi zan ce ya nema. Wani abun mamaki kuma, muryar Goku a Japananci mace ce ke yi, Masako Nozawa, haifaffiyar 1936, ita ce kuma muryar 'ya'yansa biyu.

Amma ba ja ɗin ne ya tsaya min ba, Piccolo ne. Da muna yara Goku ne gwarzo, yanzu da nake uba sai na ga bawan Allahn nan kullum ko ya mutu ko ya tafi atisaye, matarsa Chi-Chi da muke jin haushinta don tana cewa yaro ya yi karatu ashe ita ce mai hankalin gidan. Lokacin da Goku ya mutu a faɗan Raditz, Piccolo, abokin gabarsa, shi ya ɗauki Gohan, ɗan Goku, yana ɗan shekara huɗu ya kai shi daji ya bar shi wai ya koyi rayuwa, fuska a murtuke ba wasa, amma da yaron ya kwana da yunwa sai ga tuffa an ajiye masa ba a san wa ya kawo ba. Daga ƙarshe shi ya tare harin Nappa da jikinsa ya mutu a madadin yaron. Wannan wurin na tuffa na tabbata na gan shi a faifai a da, amma bai zauna min ba sam, jira nake a fara duka.

Ina cikin Naruto ne Baffa ya zo duba ni. Ya tsufa yanzu, ya bar wa yara shago, da sanda yake tafiya. Ya shigo ya same ni ƙafa a miƙe waya a hannu, na yi sauri zan kife ta ya riga ya gani.

"Kai har yanzu ba ka rabu da 'yan tsanan nan ba?"

Na ce, "Baffa zaman ne ya yi yawa, Allah ya ƙara muku lafiya."

Ya zauna a bakin katifa ya ce in kunna ya ga abun da ya hana ni karatu shekara da shekaru. Na mayar masa farkon labarin. Ga wanda bai sani ba, Naruto na Masashi Kishimoto ne, ya fara a littafi a 1999, a talabijin a 2002, yaro ne da aka rufe wani dodo, dila mai jela tara, a cikinsa ranar da aka haife shi, iyayensa suka mutu a ranar, mutanen gari suka tsane shi suna janye 'ya'yansu in ya matso, shi kuma ya zama fitinanne yana ɓata duwatsun tarihi da fenti don dai a kula shi. Baffa yana kallo ina fassara masa, aka nuno yaron shi kaɗai a ɗaki.

Ya ce, "Wannan ina iyayensa?"

Na ce sun rasu.

"Dangi fa?"

Na ce babu.

Ya yi shiru, can ya ce, "Toh wa ke ba yaron nan abinci?"

Wallahi shekara nawa ina kallon Naruto ban taɓa yin wannan tambayar ba, mu lissafinmu wa ya fi wa ƙarfi, Itachi ko Jiraiya. Kuma amsar tana nan a kashi na ɗaya, malaminsu Iruka, wanda shi ma dodon nan ne ya kashe masa iyaye, yana da duk dalilin da zai tsani yaron, amma shi ne ya sa shi ya wanke fentin sannan ya kai shi shagon taliya ya saya masa kwano, shi ne kuma ya tare masa makami da bayansa a daren. Gaba kaɗan ma akwai inda yaron ya sha madarar da ta lalace cikinsa ya ɓaci, an yi shi ne don dariya kuma mun yi dariyar a da, yanzu kuwa abun da na gani yaro ne ɗan shekara goma sha biyu da babu mai duba masa kwanan watan madara. Da aka zo wurin taliyar Baffa ya gyaɗa kai ya ce, "Malamin nan ɗan albarka ne, Allah ya saka masa." Na ce Baffa zane ne fa. Ya ce ya sani, ai wanda ya zana ɗin ya san wani mai irin halin. Ya ajiye min leda da lemo da kuɗin cefane a ƙarƙashin filo ya tafi, har yau bai sake tambayata katun ba.

Bayan tafiyarsa na kwanta ina lissafin abun da ban taɓa lissafawa ba, kuɗin makarantata da na yayata, kuɗin jarrabawa, kayan ɗakinta da ya yi mata daidai da na 'ya'yansa, duk daga shagon atamfa ɗaya, kuma mutumin bai taɓa zaunar da ni ya ce ga abun da na yi maka ba, faɗa kawai yake yi a kan littafi. Ni da yara biyu kacal ina jin jiki.

Daga nan tambayar Baffa ta bi ni cikin duk wanda na kunna, sai na ga ashe kusan duk jaruman nan marayu ne ko waɗanda uba ya tafi ya bari, kuma kowanne akwai wani a gefe da yake riƙe da shi wanda mu ba mu ɗauke shi komai ba. Goku tsoho ne ya tsince shi a daji ya raine shi. Gon na Hunter x Hunter, wanda muka sani da Al-Ƙannas, ubansa ya bar shi ya tafi yawon duniya, Mito ce ta raine shi, shi kuma yaron ya tashi ya bar ta ya tafi neman wanda ya gudu, wannan abun ya ba ni haushi sosai a wannan karon. A Naruto ɗin ma bayan mutuwar ubangidansa Jiraiya, yaron yana zaune a benci da daddare da ƙanƙarar sha mai sanda biyu tana narkewa a hannunsa, wa ya zo ya zauna kusa da shi ya raba ta biyu? Iruka ne dai. Yanzu a ajina akwai yaran da na san ba sa zuwa da kuɗin tara, in an fita sai su tsaya a aji wai ba sa jin yunwa, da ma ina ɗan yin abun da zan iya, amma yanzu na fi gane masu zama kusa da ƙofa tun makon farko.

Sai dai Naruto ma sai da dabara, kashi 220 ne na farko, ci gabansa Shippuden 500, kuma wajen biyu cikin biyar ciko ne, daga kashi na 136 na farkon har kusan ƙarshensa za ka iya tsallakewa ba ka rasa komai ba. Yaƙin ƙarshe kuma ya yi tsawo har ya gundure ni.

In mutum ɗaya zai ce min lokacinsa kaɗan ne wanne zai koma wa, Fullmetal Alchemist: Brotherhood zan ce, kashi 64, daga 2009 zuwa 2010, babu ciko. Mace ce ta rubuta shi, Hiromu Arakawa, 'yar manoma masu kiwon shanu daga Hokkaido. Wa da ƙani ne, Edward da Alphonse, uba ya tafi uwa ta rasu, suka yi ƙoƙarin dawo da ita da ilimin haɗa sinadarai, babban ya rasa ƙafa da hannu, ƙaramin ya rasa jikinsa gaba ɗaya. Na san wani zai ce ai wannan shirka ce, toh labarin da kansa abun da yake nunawa kenan, wanda ya mutu ba ya dawowa kuma duk wanda ya gwada sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Akwai yaƙin Ishval a ciki inda gwamnati ta sa soja suka share wata al'umma ta hamada, kuma sojojin da suka yi aikin su ne mutanen da kake so a labarin, ba a wanke su ba. Mai ba su abinci a nan tsohuwa Pinako ce, maƙwabciya. Wurin jana'izar wani soja Hughes kuwa, da ƙaramar 'yarsa take cewa kada a rufe babanta da ƙasa yana da aiki, sai da na ajiye wayar, tawa 'yar tana tsakar gida tana wasa a lokacin.

Cowboy Bebop na 1998 a da ban gane shi ba sam, na ga ba a tara ƙarfi ba a ihu sai kiɗan Turawa, yanzu kuwa na ga manya ne da kowa ke gudun abun da ya baro a baya, suna farautar masu laifi don lada amma kullum aljihu wayam tukunya ba nama, kashi 26 ne kawai, duk ma'aikacin da ya san ashirin ga wata zai fahimce su. Slam Dunk ma ya riƙe darajarsa, musamman inda Mitsui ɗan daba ya durƙusa gaban tsohon kocinsa yana kuka yana son komawa ƙwallon kwando, sai dai shirin talabijin ɗin ya tsaya a kashi 101 bai kai gasar ƙasa ba, sai fim ɗin 2022 ne ya nuna babban wasan. Death Note kuwa da muke ganin ba a taɓa yin mai wayo irinsa ba, daga inda mai binciken nan L ya mutu na ji ya saki, na ƙarasa shi ne kawai don na fara. Samurai X har zangon Kyoto yana da kyau, bayan nan a haƙura.

Abu ɗaya da zan ja kunnen iyaye irina, na Larabcin da muka kalla tacacce ne, an yanke an sake wasu maganganun, na asalin ba haka yake ba. Dragon Ball na farko akwai iskancin tsohon nan Roshi da ba zan bari 'yata ta gani ba, Hunter x Hunter na 2011 in aka shiga zangon tururuwa ba na yara ba ne ko kaɗan duk da zanen ya yi kama da nasu. Ni sai na kalla tukuna nake ba su, yanzu haka Romeo muke bi da ita da Larabci kashi ɗaya bayan magariba, ina fassara mata, ban dai san yadda zan yi da ita ba in mun iso wurin Alfredo, uwarta ta ce in tsallake, ni kuma na ce ba za a yi mata irin ta Sven ba.

Ƙafa ta warke na koma aji tuntuni, da ɗan ɗingishi in an yi sanyi. Ɗan yayata ya matsa min wai sai na fara One Piece, wai shi ne uban duka. Na tambaye shi kashi nawa ne, ya ce tun 1999 ake yi ya wuce dubu ɗaya kuma ba a gama ba. Na ce masa ya ci gaba da kallo, in sun samu dukiyar da suke nema ya zo ya ba ni labari, ni ina da takardun jarrabawar yara sittin da ban maka ba.